Yadda ake shirya lambu a ƙarshen bazara kafin damina ta kankama

Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu lambu yana shan wuya. Kayan rani sun tsufa, rijiya ta ja baya, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yakan haura digiri 40, hadari kuma yana haɗowa da yamma ya watse ba ɗigo. Mai koyo yakan ɗauka lokacin naɗe hannu ne har ruwa ya sauka, alhali a makonnin nan ne ake sauya wa lambu tsari gaba ɗaya. Da rani ana shuka a cikin fangali don a tare ruwa. Da damina ruwan nan shi ne zai kashe shukar idan ya kwanta, don haka hanyar fita ake nema masa. Duk ayyukan da ke ƙasa a kan wannan sauyi suke tafiya.

Ka fara da sanin lokacin da ruwan shuka ya saba sauka a garinku, sannan ka ƙirga mako 6 baya, ranar nan ce ranar fara aiki. A wajajen Kaduna da Zariya damina takan zauna daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. A Kano sai cikin Yuni. A Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram ana iya kaiwa ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yana da kyau a saurare shi, a haɗa da abin da tsofaffin manoman unguwa suka sani. Ƙididdigar da na yi amfani da ita a nan ta lambun bayan gida ce mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. Wanda nasa ya fi haka sai ya ninka.

Kayan aiki

Fartanya da garma, shebur, manjagara, adda mai kaifi, dagi ko diga na haƙa rami, da baro ko buhuna na ɗaukar taki.
Butar ban ruwa mai rariya a baki. In babu, sami gwangwanin madara babba ka huda gindinsa da ƙaramar ƙusa kamar sau 20.
Igiya da turaku, da sanda mai tsawon mita 1 wadda ka yi wa tsaga a kowane santimita 10. Idan ba ma'auni, kamu 2 na babban mutum ya kusa mita 1.
Kara, zana ko tsohon asabari na yin rumfa, da tsohon gidan sauro.
Kashin shanu ko na awaki kamar baro 6 zuwa 8, toka bokiti 1, busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa buhu 4 zuwa 5.
Iri, 'ya'yan darbejiya, sabulun wanki na sanda, da takin kamfa NPK 15-15-15 kamar kilo 2 ga mai hali.
Gwangwani ɗaya mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Amfaninsa yana mataki na 8.

1. Haɗa taki tun ranar farko

Shi ne ya fi cin lokaci, shi ya sa yake gaba. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana kiran gara, yana kuma ɗauke da 'ya'yan ciyawar da dabbar ta ci, waɗanda za su tsiro maka a gado da ruwan farko.

Nemi inuwa, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko yankakken kara mai kaurin santimita 15. Zuba kashin dabba a kai santimita 10, ka yayyafa ruwa, ka barbaɗa ƙasa kaɗan. Maimaita har tsibin ya kai ƙugu, faɗinsa kamar mita 1 da rabi. Rufe da tsofaffin buhuna. A zafin bazara tsibi yana bushewa da sauri, kuma busasshen tsibi ba ya ruɓewa ko ya shekara, don haka ka ba shi ruwa duk kwana 3 ko 4. Ruwan wanke-wanke marar omo ya isa. Gwajin laimar shi ne ka damƙi takin a hannu: ya dunƙule amma kada ruwa ya tsiyaya.

Soka sanda a tsakiya ka bar ta. Bayan kwana 4 zare ta ka taɓa. In da zafi, aiki yana tafiya. In sanyi ƙalau take, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabbar bai isa ba. In wari mai hawa kai yake fita, ruwa ya yi yawa, sai ka baje tsibin ka ƙara busasshiyar ciyawa. Juya shi duk mako 2, na waje ya koma ciki. Cikin mako 6 zuwa 8 zai yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa. Gwazarmar da ka gani wajen juyawa ka tsince ta ka watsa wa kaji.

Kada ka haɗa toka da kashin kaji ko yuriya, tana sa ƙarfin takin ya tsere a iska. Toka daban ake barbaɗa ta a gado, cikin hannu 1 a kowane murabba'in mita. Wanda lokaci ya ƙure masa ya nemi tsohon taki na ƙasan garke wanda ya shekara, ya tankaɗe shi. Na juji kuma sai an tsince leda da kwalba da tsofaffin batura sarai, kuma ni ban so a zuba shi a gadon ganyen miya.

2. Kwashe ragowar kayan rani

Tumatir ɗin da ya kai Afrilu yakan yi ta fure yana zubarwa, domin idan zafin rana ya wuce digiri 35 furen ba ya ɗaukar 'ya'ya. Ruwan da ake zuba masa asara ne, kuma ya zama gidan farin ƙuda da tsutsar nan Tuta absoluta da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016. In ka bar tsohon tumatir a tsaye kusa da sabon raino, kai da kanka ka yi wa ƙwarin gada. Tuge shi da saiwarsa, ka tara a gefe ka ƙone. Kada ka jefa shi cikin tsibin taki.

Kafin ka jefar, duba saiwar. In ka ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai tsutsar ƙasa wadda ido ba ya gani a wurin. Kafa turke ka shaida gadon. Bana kada ka sa masa tumatir, tattasai, attaruhu, gauta ko kuɓewa. Masara, dawa ko gyaɗa za ka sa. Ko da saiwar lafiya take, tumatir da barkono da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, ba a maye gurbin ɗaya da ɗan'uwansa.

Albasar da ta rage a ƙasa a daina ba ta ruwa da zarar wuyanta ya fara kwanciya, bayan kwana 10 zuwa 14 a cire, a shanya a inuwa mai iska har wuyan ya bushe. Ruwan sama ɗaya in ya same ta a fili ba za ta ajiyu ba.

Ganyen da ba shi da cuta da busasshiyar ciyawa kuwa kada ka ƙone su. Sharar gona da wuta al'ada ce, amma a ƙaramin lambu abincin ƙasa kake ƙonawa.

3. Gwada iri

Irin da ya kwana a ɗaki mai zafin kwano tun bara ba lallai ne yana da rai ba. Ƙirga ƙwaya 20, ka jera a jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe, ka ajiye a gindin randa, kana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Kuɓewa da yakuwa da tumatir a duba bayan kwana 5 zuwa 7, barkono da attaruhu a ba su kwana 10 zuwa 14. In 16 ko fiye suka tsiro, irin yana da kyau. Tsakanin 10 da 15, ƙara yawan abin da za ka zuba a rami. Ƙasa da 10, nemi wani.

Wajen saye, duba ranar da aka rubuta a jikin fakiti, ka guji wanda aka baje a rana a kasuwa. Irin da aka rubuta F1 a jikinsa yana ba da amfani sosai, amma 'ya'yansa ba sa gadon uwar, kada ka ɗebi iri daga gare shi. Tumatir na damina kuma ka tambayi mai jure ruwa da zafi takamaimai. Irin da ya yi maka kyau da hunturu yana iya narkewa a Agusta.

4. Kafa wurin raino

Tumatir, tattasai, attaruhu da gauta ba a shuka su kai tsaye, raino ake yi a dasa. A nan ƙirgen kwanaki yake da muhimmanci. Tumatir yana isa dashe a kwana 21 zuwa 28. Gauta mako 4 zuwa 5. Tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6. Saboda haka barkono ake fara zubawa, tumatir ya biyo bayan mako 2. Wanda ya zuba tumatir da wuri zai ga dashensa ya yi tsayi, ya yi siriri, har ya fara fure a wurin raino ruwa bai zo ba, kuma irin wannan dashe ba ya taɓa yin ƙwari.

Zaɓi wuri mai tudu kusa da ruwa. Gado mai faɗin mita 1, tsawon mita 2, tsayin santimita 15 ya ishi lambu irin namu har a ba maƙwabci. Ƙasar ta zama kashi 2 turɓaya mai kyau, kashi 1 ruɓaɓɓen taki tankaɗaɗɗe, kashi 1 rairayi in ƙasar mai laka ce.

Kashe cutar ƙasar kafin ka zuba iri. Hanya mai sauri ita ce ka tara kara da ciyawa a kan gadon, kaurin santimita 20, ka cinna wuta, ka bari ya huce kwana 1, ka cakuɗa tokar da ƙasa. In kana da lokaci, jiƙa gadon sharkaf, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka danne gefunanta da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta mako 3 zuwa 4. Ranar bazara za ta dafa ƙasar. Babu wata kakar da wannan dabara ke ci kamar yanzu.

Ja layuka da yatsa, tsakaninsu santimita 10, zurfinsu santimita 1. Zuba iri jefi-jefi, ka rufe da ƙasa mai laushi, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa shara-shara, ka ba da ruwa ta samanta. Daga kwana na 4 ka riƙa ɗaga ciyawar kana leƙawa. Ranar da ka ga tsiro ya fasa ƙasa, kwashe ta, in ba haka ba tsiron zai yi fari ya lanƙwashe. Sai rumfar kara mai tsayin mita 1, wadda hasken rana ke ratsawa ɗigo-ɗigo, ba mai duhu ba. Ka kewaye da tsohon gidan sauro saboda farin ƙuda, da ƙadangaru, waɗanda a wannan lokaci babu wani ɗanyen ganye a gabansu sai naka. Kaji kuma ba sai an faɗa ba.

Ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar. Kuskuren da ya fi kashe raino shi ne yawan ruwa da cunkoso: za ka wayi gari ka ga tsiron ya faɗi, gindinsa ya tsuke ya yi baƙi kamar an matse da zare. In ka ga haka, cire waɗanda suka kamu tare da ƙasar gindinsu, rage ruwa, ƙara buɗe rumfar, ka barbaɗa busasshen rairayi da 'yar toka. Idan tsiro ya yi ganye 2 na gaske, rage shi ya zama santimita 4 zuwa 5 tsakani.

Mako na ƙarshe kafin dashe a riƙa zare karan rumfa kaɗan-kaɗan, a rage ruwa zuwa sau 1 a rana, don dashen ya saba da rana. Wanda ba shi da fili ya yi rainon a tsohon baho da aka huda, ko a ledar fiya wata da aka yanke baki aka huda gindi, ƙwaya 2 a kowace leda. Na leda ya ma fi saurin kamawa don saiwarsa ba ta girgiza.

5. Rushe fangali, ka ɗaga gado

Ka tsaya ka tuna inda ruwa ya kwanta bara, da inda ya bi ya fita, da inda indararo ke zubowa. Daga nan za ka fara. Haƙa babbar magudana a gefen da ya fi gangare, faɗi da zurfi santimita 30, ta kai ruwa waje ko cikin rami a gindin ayaba. Ka tabbata ba katangar ƙasa ko gidan maƙwabci ka nufa da ita ba.

Ƙasar bazara tana da tauri kamar dutse. Ko ka jiƙa ta da yamma ka sara da safe, ko ka jira ruwan farko ya sassauta ta. Wannan ne babban amfanin ruwan farko. Sara zurfin santimita 20 zuwa 25, kana tsince saiwar kiri-kiri da 'ya'yan aya-aya da hannu, ka baza su a rana su mutu. In ka daddatse su da fartanya ka bar su a ciki, ka shuka su ne.

Gado faffaɗar kunya ce mai shimfiɗaɗɗen kai. Faɗinsa mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba, hanya tsakanin gadaje santimita 50. Tsayinsa ya danganta da ƙasa. A laka ko fadama, ko daga Zariya zuwa kudu inda ruwa ke da yawa, santimita 25 zuwa 30. A jigawa santimita 10 zuwa 15 ya isa, domin dogon gado a rairayi bushewa yake yi kwana 2 bayan ruwa. In filin gangare ne, gadajen su gitta gangaren, kada su bi shi, don ruwa kada ya kwashe ƙasar.

A kowane murabba'in mita zuba ruɓaɓɓen kashin shanu ko awaki rabin bokiti, wato kilo 2 zuwa 3. In na kaji ne, rabin haka. Cakuɗa da ƙasar sama, ka daidaita da manjagara, ka lulluɓe da ciyawa ko ɓuntu kaurin yatsa 3. Lulluɓin yana hana rana gasa takin, yana kuma hana ruwan farko mai ƙarfi daddaɓe fuskar ƙasa ta yi ɓawo. Inda gara ta yi yawa a yi amfani da ganyen darbejiya.

A can arewa, inda ruwa ke ƙaranci kuma ƙasa ta zama fako, lissafin yana juyawa. Manoman yankin Tawa a Nijar suna haƙa tassa: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu 2, a bar shi ya jira ruwa. Kabewa da yakuwa da kuɓewa suna yi a irin wannan rami.

6. Bishiyoyi

Ƙananan bishiyoyin da aka dasa bara a watannin nan suke mutuwa. Yayyafa musu ruwa kullum ba ya amfana, saman ƙasa kawai yake jiƙawa. Ba kowace bokiti 2 a tashi ɗaya da yamma, sau 2 a mako, ka lulluɓe gindin da ciyawa, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen. Inda ruwa ke wuya, binne tulun ƙasa har wuya kusa da bishiyar, ka cika shi, ka rufe baki, zai riƙa tsattsafowa a hankali. Da damina ta zauna, fasa kewayen da ka yi wa gindin don tare ruwa. Lemo da gwanda musamman ba sa jure ruwa ya kwanta musu a gindi.

Mangwaro ana yi masa aski bayan an gama cire 'ya'ya. Sare busassun rassa, da masu gogar juna, da wanda ya rankwafo kan rufi ko wayar lantarki, domin iskar farkon damina ba ta da sauƙi. Fara saran daga ƙasan reshe sannan ka gama ta sama, don kada ya ɓalle ya yage ɓawo. Kauci in ya kama reshe a sare reshen daga bayan inda ya kama. 'Ya'yan da suka faɗo suka ruɓe cike suke da tsutsar ƙudan mangwaro. Tsince su duk kwana 2, ka ɗaure a baƙar leda ka bar ta a rana kwanaki, ko ka binne su da zurfin rabin mita.

Ramin sabbin bishiyoyi yanzu ake haƙa shi: santimita 60 faɗi, 60 zurfi. Ƙasar sama gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. Cakuɗa ta saman da taki bokiti 1, ka mayar da ita ƙasan ramin, ka bar ruwa 2 ko 3 ya zaunar da ita kafin ka dasa. Mangwaro mita 8 zuwa 10 tsakani, lemo mita 6, gwaiba mita 5, gwanda mita 2 da rabi. In mai aure ce, wato wadda aka haɗa reshen wata bishiya a kan gindinta, gaɓar auren ta tsaya sama da ƙasa da kamar tafin hannu.

7. Shinge

Har sai an yi shuka an ɗaure dabbobi, awaki sake suke, kuma akuya ɗaya tana gamawa da raino kafin a idar da sallar azahar. Sauya turakun da gara ta ci, ka toshe ƙasan zana. Aguwa da bini-da-zugu a ƙarshen rani ake kafa yankansu, su kama kafin ruwa ya yi yawa ya ruɓar da su. A kiyaye kada ruwan aguwa ya shiga ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma guba ne, a hana yara ci. Sandar zogale mai tsawon mita 1, a binne kashi 1 cikin 3, tana zama turke mai rai, ga kuma ganyen kwaɗo.

8. Gane ruwan shuka

A nan ake yin babbar asara. Ruwa yakan sauka sau ɗaya a Mayu, ƙanshin ƙasa ya tashi, kowa ya ɗauki iri, sannan sama ta ɗauke kwana 15 ko 20. Irin ya tsiro ya ƙone. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan randa.

Ajiye gwangwanin nan mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da bango da bishiya. Bayan ruwa, tsoma tsinke ka auna. In ruwan ya kai santimita 2 ko fiye a tashi ɗaya ko cikin kwana 2 a jere, kuma lokacin da damina ta saba zama a garinku ya yi, wannan ruwan shuka ne. Ka ƙara da tona ƙasa washegari: laima ta kai zurfin santimita 15 zuwa 20. In ka tarar da busasshiyar ƙasa bayan yatsa 3, dakata.

Mai rijiya ko famfo yana iya riga damina da mako 2, kuma kuɓewa da alayyafon da suka fito a lokacin suna da daraja a kasuwa. Amma ka yi lissafi tukuna: a zafin nan kowane murabba'in mita yana shan lita 5 zuwa 7 a rana. Gado 1 mai mita 10 jarka 3 ke nan kullum. Binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, a bar wa gero. Irin lambu yana da tsada, kuma ɗan yayyafi ya isa ya tayar da shi ya kashe. Ko da ruwan shuka ya sauka, ka rage kashi 1 cikin 3 na irinka saboda ciko.

9. Shuka da dashe

Kuɓewa a jiƙa ta kwana 1, a zubar da wadda ta taso sama, a sa ƙwaya 3 a rami mai zurfin santimita 2 zuwa 3, santimita 60 tsakanin layi, 40 tsakanin rami. Bayan mako 2 a rage ta zama 1 ko 2. Yakuwa da rama tazararsu kusan haka. Kabewa mita 2, a gefen shinge inda za ta samu wurin yaɗo. Alayyafo ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, a cakuɗa cokali 1 da busasshen rairayi cokali 10, a barbaɗa a layuka masu tazarar santimita 20, a rufe shara-shara. Cikin mako 3 zuwa 4 an fara yanka. Zuba shi rabin gado duk mako 2 ya fi zuba shi gaba ɗaya. Lalo yana da taurin ɓawo: ƙulle irin a tsumma, ka tsoma a ruwan da aka sauke daga tafasa, ya yi daƙiƙa 10 a ciki, ka fitar ka shanya a inuwa, ka shuka a ranar.

Dashe da yamma ake yi, ko ranar da gari ya lumshe. Jiƙa wurin raino awa 1 kafin ka fara, ka ɗago kowane dashe da ƙasarsa da tsohon cokali, kada ka fizge. Mai kyau gajere ne mai kauri, ganye 4 zuwa 6. Wanda ganyensa ya nannaɗe ko ya yi rawaya a jefar. Tumatir santimita 60 tsakanin layi, 50 tsakanin rami, a nutsa shi har kusa da ganyen farko domin jikinsa yana fitar da saiwa. Tattasai da attaruhu da gauta 60 da 50 su ma, amma su a daidai zurfin da suke a raino. Danne gindin da yatsu, ka ba kowanne ruwa gwangwani 1 ko da ƙasa da laima. In rana ta buɗe washegari, soka reshen darbejiya mai ganye ta yamma da kowane dashe na kwana 3.

Turken tumatir a kafa shi a makon dashe, tsayin mita 1 da rabi. In aka bari sai ya girma, turken zai tsinka saiwa. Tumatir na damina da ya kwanta a ƙasa ruɓewa yake yi.

10. Makonni biyun farko

Ciyawa tana tsirowa tare da shuka kuma ta fi ta sauri. Yi noman firi tun tana kamar gashi, kwana 10 zuwa 14 bayan shuka, da ƙaramar fartanya sama-sama. Cike gurbin da bai fito ba a makon farko.

Kamfa bayan mako 2 da dashe: cikin murfin kwalbar lemo 1, wato giram 5 zuwa 6, ga kowace shuka. Tona ɗan rami yatsa 4 daga gindi, ka zuba, ka rufe, ƙasa tana da laima. In ya taɓa jikin shuka zai ƙona ta, in aka bar shi a sama ruwa zai tafi da shi. Wanda ba shi da kamfa ya jiƙa ruɓaɓɓen kashin kaji kwano 1 a bokitin ruwa kwana 3, ya sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri, ya zuba a gindi, ban da kan ganye.

Ka riƙa juya ganye kana duba bayansa da safe, can darɓa da farin ƙuda da ƙwan tsutsa suke. Maganin farko shi ne darbejiya: daka busassun 'ya'yanta rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace da tsumma sau 2, ka narkar da ɗan sabulu kamar girman ƙwayar dabino a ciki. In babu 'ya'yan, ɗanyen ganye kilo 1 a lita 5, sai dai bai kai su ƙarfi ba. Fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, duk kwana 7, a maimaita in ruwa ya wanke. A ranar da aka tace ake amfani da shi, ba ya ajiyuwa. In ta kai ga maganin kanti, bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, rufe hanci da hannu, ka kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, kuma kada ka fesa wa alayyafon da za a yanka a makon.

Bayan ruwa mai ƙarfi na farko, zagaya lambun tun ƙasa ba ta tsane ba. Inda ruwa ya kwana a kwance, zurfafa hanyarsa zuwa magudana. Inda gefen gado ya zaizaye, mayar da ƙasa ka danne da bayan shebur, ka rufe duk saiwar da ta fito fili.